Muryar Auta a Tsohuwar Waya

Tun da ciwon mantuwa ya kama Baba, ya raba ɗansa guda ya zama mutum biyu. Akwai wanda yake gani da ido kullum, mai furfura a gemu, mai shigo masa da ruwan wanka da safe. Wannan sunansa Mai Gyara. Akwai kuma wanda yake ji a waya idan rana ta take. Wannan shi ne Auta, ɗansa na cikinsa, wanda aiki ya kai wani gari mai nisa. Babu wanda ya isa ya haɗa masa su wuri ɗaya. An gwada da hoto, an gwada da rantsuwa, likita ma ya gwada tasa dabarar, Baba ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya kamar waɗanda suka haɗa baki za su cuce shi.

Sunan Mai Gyara ya samo asali ne ranar da aka ɗauko tsohon daga gidansa aka dawo da shi wajen Auta. Bai yarda ya taho da komai ba sai wayarsa ta girke, ya rungumo ta a ƙirji har cikin mota. Irin wayar nan ce ta tebur, mai kan ɗauka da manyan madannai, amma babu igiyar da ke zuwa mata daga titi. 'Yar eriya ce a ƙeyarta, da ita take magana da ƙarfen sabis na unguwa. Auta ya durƙusa yana jona mata wuta, yana karkata eriyar wajen taga, Baba na tsaye a kansa. Da ta yi ƙara alamar ta kama, tsohon ya jinjina kai ya ce lallai wannan mai gyara ya san hannunsa. Shi da ya ƙare rayuwarsa yana gyaran agogo, ba ya yabon aikin kowa a banza. Auta ya yi dariya, ya ɗauka zolaya ce, sai da kwanaki suka ja ya gane ba ita ba ce.

Auta ne ya saya masa wayar, tun yana sabon ma'aikaci a wancan gari mai nisa. A lokacin unguwar su Baba ba a ja mata igiyar waya ba, kuma babu mai niyyar ja. Sai ga wani ƙaramin kamfani ya sami lasisin ba gidaje layi ba tare da an haƙa rami ko an kafa turke ba. Kullum idan aka tashi cin abincin rana, Auta zai kira gida. Haka aka yi ta yi har mahaifiyarsa ta rasu, har ya yi aure, har aka dawo da shi aiki garinsu. Layin yana da halinsa. Akwai wani shuu da ke bin bayan magana, kamar ruwa na sauka a kan kwanon maƙwabta, kuma yakan matse murya ya sirantar da ita, ƙato ya koma saurayi. A cikin wannan shuu ɗin ne kaɗai Baba ya ajiye ɗansa, ciwon ya share ko'ina ya tsallake nan.

Saboda haka Auta bai fasa kira ba. Ranar aiki daga ofis yake kira, ranar hutu kuwa sai ya fita ƙofar gida, ya tsaya jikin katangar mai facin taya, ya danna lambar ɗakin da yake hangen tagarsa. Baba ba ya ɗauka a ƙarar farko, wai kada yaro ya ɗauka jiransa ake yi, alhali tun hantsi ya goge wayar ya zauna a gabanta. Zai tambaye shi ko ya ci abinci, ko ubangidansa na matsa masa, da kuma yaushe zai nemi mata ya daina zaman gwauro. Auta, wanda babbar 'yarsa ta kusa gama jami'a, zai ce ana nan ana dubawa. In ya shigo gida, tsohon zai tare shi fuska a sake ya ce, "Mai Gyara, ka yi latti. Yanzun nan muka gama magana da yarona, da kun gaisa." Wannan magana takan ba shi dariya, takan kuma sa shi ya shige banɗaki ya daɗe.

Aikin Auta kuwa sauraro ne. A hukumar da ke raba wa kamfanonin waya zango yake, wato hanyoyin iska da murya ke bi kafin ta isa kunnen mai ita. Iskar nan da kake gani fayau, a wajensu kasuwa ce mai rumfuna, kowane kamfani da tasa, an auna an shata. Shi ake sakawa a farar mota mai eriya a ka, da na'ura a cinya, ya zaga gari yana neman wanda ya kutsa rumfar wani. Ya yi suna a kan haka. Duk mai satar zango, ko a bayan tankin ruwa ya ɓoye eriyarsa, Auta zai tsayar da mota daidai ƙofar gidansa, kuma ba ya jin magiya.

A wannan shekarar aka yanke cewa zangon wayar girke ya yi wa masu shi yawa. Jama'a sun koma wayar hannu, ƙaramin kamfanin ya tsufa yana ja da ƙyar, masu layinsa sun zama tsirarun tsofaffi da 'yan shaguna. Ga manyan kamfanoni na kukan cunkoso, intanet na tafiyar hawainiya, makarantu da asibitoci na jira. Aka yi gwanjon zangon, aka ba tsohon kamfanin wa'adi ya kashe na'urorinsa unguwa bayan unguwa, babbar cibiyarsa ta zo a ƙarshe. A zaman da aka yi, Auta na cikin waɗanda suka ce daidai ne, kuma har ga Allah daidai ne a ganinsa. Sai da ya dawo gida ya tarar da Baba na goge kan wayar da gefen rigarsa, sannan ya tuna har da layinta za a kashe.

Bai zauna ba. Ya sayo wayar tebur ta zamani, mai cin katin layin hannu, ya ajiye a gurbin tsohuwar. Baba ko kallo ba ta ishe shi ba, ya ce a ɗauke masa wannan abin wasan yara. Auta ya ce a ransa ai ba a banza aka sa masa Mai Gyara ba. Ya bari tsohon ya kishingiɗa bayan shayin safe, ya kwance tsohuwar wayar, ya zare kayan cikinta, ya dasa na sabuwar a cikin ƙoƙon, ya bar mata ƙararrawarta ta asali, ya ɗaure kowane noti inda yake. Ko shi da ya yi aikin, da ya ja baya ya duba, bai ga bambanci ba. Da rana ta take ya fita jikin katanga ya kira. Muryarsa ta shiga ɗakin garau, babu shuu, babu matsi, muryar magidanci mai shekara hamsin da ɗoriya.

"Baba, Auta ne."

Baba ya saurara. Sannan tsohon ya ce, cikin ladabin da yake yi wa baƙi, "Malam, ka kira inda ba nan ba." Ya ajiye.

Abin da ya biyo baya, in ba don tausayi ba da sai a yi dariya. Auta, babban injiniyan hukuma, ya naɗe wayarsa da hankici ya kira. Ya kunna rediyo a inda babu tasha, ya kara baki kusa da ita ya kira. Ya buɗe famfo ya tsuguna a gefensa, yana maƙale murya kamar mai koyon waƙa. Kowane karo Baba zai saurara, ya ajiye. Da yamma ya kira Mai Gyara gefe, ya raɗa masa cewa 'yan damfara sun sami lambarsa, akwai wani ƙaton banza mai muryar gardi da ke cewa wai shi ne Auta, a taimaka a duba wayar. Hankalin tsohon a tashe yake, don ranar ɗansa bai kira ba. Kafin magariba Auta ya mayar wa wayar da kayan cikinta na da.

Matarsa ta gan shi a bakin famfo. Ita ke wanke wa Baba kaya, ita ke lallaɓa shi ya sha magani, ita ke sauya masa shimfiɗa in ya ɓata, shi kuwa sunanta a wajensa baiwar Allah. Ta bari sai da suka keɓe a ɗakin girki, ta ce masa ya fara sabawa tun yanzu, tunda shi da bakinsa ya ce layin kwanansa ya ƙare.

"Ni shekara da shekaru ina yi masa hidima," in ji ta, "ko a waya ko a fili bai taɓa sanina ba, kuma ban mutu ba. Kai kana da ɗan lokacinka kullum, har ka ɗauka naka ne na har abada."

Ransa ya ɓaci, ya ce mata ai ita ba shi ya haife ta ba. Ta ce haka ne, ta juya ta ci gaba da yankan albasa. Ya nemi yadda zai janye maganar, bai samu ba, ya fita.

Da wa'adin unguwarsu ya zo, Auta ya yi abin da ya sha kama wasu a kansa. Ƙarfen sabis ɗin na ƙarshen titinsu ne, bayan garejin kanikawa, cikin wata katanga mai ƙofar ƙarfe. Kamfanoni da yawa ne ke rataye a jikinsa, kowanne da akwatin na'urarsa a gindi. Na tsohon kamfanin shi ne mai tsatsa a kusurwa, kuma mai kula da shi wani ma'aikaci ne da ake kira Dogo, wanda ya rage shi kaɗai a wannan yanki. Sun san juna, amma ba sanin daɗi ba, don Auta ya taɓa jawo wa kamfaninsu tara. Ya same shi ya ajiye girman kai ya faɗa masa komai. Dogo ya saurara yana sosa ƙeya, ya ce shi da ake shirin sallama, wa zai tsaya tambayarsa ko ya kashe ko bai kashe ba? Amma ya tuna masa cewa cibiya ma kwananta ya kusa, ran da aka rufe ta, ko akwatin nan na kunne babu inda murya za ta je. Auta ya ce ya sani. Ba har abada yake nema ba, ɗan ƙari yake nema, ko yaya yake.

Aka bar akwatin a kunne. Sabon kamfanin ya ɗora nasa kayan, ya buɗe zangon da ya saya da tsada, ya cika gari da talla. Ko'ina abin ya yi kyau ban da unguwar su Auta. A nan tsohuwar na'ura da sabuwa suka shiga rumfa ɗaya suna ture juna. Kana cikin magana sai ta yanke. Na'urar cirar kuɗi ta mai kantin magani ta koma sai ta ga dama. Ɗalibai suka riƙa tattaki zuwa babban titi suna ɗaga waya sama kamar masu roƙon ruwa. Matarsa, da ke sayar da yadi ta hanyar tura hotuna, ta rasa masu saye ba ɗaya ba ba biyu ba, ta kuma san dalili sarai, ba ta ce uffan ba. Mutane suka yi ta tsine wa sabon kamfanin, Auta na wucewa ta cikinsu kansa a ƙasa. Amma idan rana ta take, shuu ɗin nan zai buɗe, Baba zai ce Auta ka ci abinci kuwa, sai ya ji duk abin da ya ɗauko ya sauka.

Ƙorafin kamfanin ya iso hukuma, kuma ina zai sauka in ba teburinsa ba. Shugabar sashensu ta ce ya ɗauki mota ya nemo mai wannan aika-aika. Ya ɗauka. Ya zaga kasuwa, ya zaga tasha, ya zaga bayan masana'antu. Duk sanda layin da ke fuskar na'ura ya fara tashi, sai ya ce wa direba ya karya hagu. Direban ba injiniya ba ne, amma ya daɗe yana tuƙa injiniyoyi, wata safiya ya tambaye shi cikin sakin fuska ko yau ma kasuwa za a zaga, don yana da saƙon tumatir. Auta ya yi kamar bai ji ba. A ofis ya ce siginar tana da wayo, tana dukan dogayen gine-gine tana dawowa, sai an ƙara masa lokaci. Shugabar ta dube shi ta saman tabarau, ta ƙara masa.

Ana cikin haka maƙwabcinsu, wani tela mai hawan jini, ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida da hantsi. Matarsa ta kira ƙaninsa mai mota, kiran ya yanke. Ta sake, ya yanke. Ta fito titi babu takalmi tana neman wanda zai taimaka, sai kanikawa ne suka ɗauke shi a motar da suke gyara. Ya rayu, amma bakinsa ya karkace, hannun da yake ɗinki da shi ya mutu. Babu wanda zai iya rantsuwa cewa da kiran ya shiga da ba haka ba. Matar Auta ta ba shi labarin tana ninke yadi, ba ta ƙara ko kalma ɗaya tata ba, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ranar ya kasa cin abinci. Amma washegari da rana ta take, kunya ko ba kunya, ya sake kira.

Ranar da abin ya ƙare, ya fito zai shiga mota ya tarar da shugabar a kujerarsa, na'urar a cinyarta. Kafin ta hau kujerar ofis ta yi wannan aikin, hannunta bai manta ba. Ta ce masa ya zauna a baya, yau tana so ta sha iska. Ba ta yi wata doguwar magana ba, sai dai ta ce wa direba miƙe, karya dama, miƙe. Layin na'ura ya yi ta tashi, babu mai cewa a juya. Suka wuce kantin magani, suka wuce mai facin taya, suka wuce ƙofar gidansa inda rigunan Baba ke shanye a kan igiya. Auta ya sha jinin jikinsa tun daga babban titi, ya zauna hannuwansa a tsakanin gwiwoyi. Motar ta tsaya a bayan garejin kanikawa, layin ya kai ƙarshen fuskar na'ura ya tsaya cak.

Ta juyo ta tambaye shi ko ba a nan unguwar yake ba. Ya ce a nan ne. Bai tsaya kame-kame ba, ya faɗa mata daga farko har ƙarshe, har da famfo, har da tela. Ya ce Dogo ba shi da laifi, shi ya roƙe shi. Direba ya kafe idonsa a kan sitiyari. Shugabar ta cire tabarau ta murza idanunta.

"Injiniya, ka san abin da ya kamata in yi maka."

"Na sani, ranki ya daɗe."

"Wannan sai mun koma ofis. Akwatin nan kuwa yau za a kashe shi, ba gobe ba." Ta dubi inuwar katanga da ta tattare a gindinta. "Yaushe kake kiransa?"

Ya ce yanzu ne lokacin. Ta buɗe ƙofa ta fita, ta yafito direba, suka koma can ƙarƙashin rumfar kanikawa suka ba motar baya.

Wayar ta yi ƙara, ta sake, sannan shuu ya buɗe.

"Auta? Yau ka makara."

Ya ce aiki ne ya riƙe shi. Baba ya ce ubangidan nan nasa ba shi da tausayi, ya tambaye shi ko ya ci abinci. Ya ce ya ci. Ya daɗe yana shirya abin da zai faɗa in wannan rana ta zo, ya faɗe shi kamar mai karatu: za a mayar da shi wani wuri can ciki, inda waya ba ta kaiwa, in an ji shi shiru kada a damu.

"To ka taho gida mana," in ji Baba. "Wane irin aiki ne wannan da ba ya ƙarewa? Na tsufa fa, Auta."

Ya ce yana nan tafe. Tsohon ya saki murya, ya shiga ba shi labarin gida. Ya ce akwai wani bawan Allah a nan, mai gyaran waya, ba dangin iya ba na baba, amma shi ke yi masa wanka, shi ke ɗaga shi in ƙafa ta ƙi. Ya ce mutumin kirki ne, sai dai kwanan nan kamar akwai abin da ke cinsa, ba ya dariya. In Auta zai taho ya riƙo masa wani abu, ko hula ce, don a nuna masa an san ya yi.

Auta ya kifa goshinsa a bayan kujerar direba. Ya ce, "Baba, Mai Gyaran nan ni ne. Ni ne a gidan. Kullum ina nan."

Dariyar tsohon ta zo ta cikin shuu, irin wadda ya daɗe bai yi ba. "Har yanzu ba ka bar shaƙiyanci ba. Shi fa dattijo ne, ya kusa haifarka. Je ka aikinka kada a yi maka faɗa. Allah ya yi maka albarka."

Ya ce amin. Ya ji an ajiye. Ya bar wayar a kunnensa har shuu ɗin ma ya ɗauke.

An kirawo Dogo ya zo da mabuɗi. Ya buɗe akwatin, ya miƙa hannu, Auta ya ce ya bari, shi zai yi. Wani ɗan makunni ne baƙi, bai kai babban yatsa ba, ƙura ta rufe shi. Ya danna shi ƙasa. Fankar cikin akwatin ta yi ta ragewa har ta tsaya. A cikin mota layin na'ura ya kwanta. Nan take wayar shugabar ta fara ƙara a jaka, ta direba ta ɗauka, ta kanikawa ma, saƙonnin da suka maƙale tun safe suna ta shigowa. Wani bakanike ya ɗaga tasa ya ce sabis ya dawo, aka yi ta murna a garejin.

A ofis an cire shi daga aikin mota, an mayar da shi wani tebur kusa da taga inda babu abin da ake saurara. Bai yi jayayya ba, kuma abin bai dame shi kamar yadda ya zata ba. Abin da ke gida ne ya dame shi.

Baba ya goge wayar ya zauna a gabanta, rana ta take, ta karkata, ta faɗi. Kwanakin farko shi ke kawo wa ɗansa uzuri: aiki ne, ubangidan nan ne, ko kuwa yaron ya sami wadda yake so ta ɗauke masa hankali. Maganar wurin da babu waya ta bi sauran abubuwa ta shuɗe, ko alamarta bai riƙe ba. Ciwon da ya kwashe masa sunayen jikokinsa da hanyar banɗaki, ya ƙi kwashe masa cewa akwai wanda ya kamata ya kira. Ya sa Mai Gyara ya duba wayar, Auta ya kwance ta a gabansa, ya hure ƙura, ya mayar, ya ce sai an jira. Matarsa ta kawo shawarar a riƙa ce masa Auta ya kira yana barci. Ranar farko Baba ya yarda har ya ci abinci da yawa. Da aka maimaita, ya ce yaronsa ya san lokacin barcinsa, ba ya kira a ciki. Daga nan ya rage cin abinci, ya rage magana, amma bai fasa zama a gaban tebur ba.

Wata ranar hutu da la'asar Auta ya shigo da kofin shayi, ya tarar Baba ya zare wayar daga bango. Ya naɗe igiyar wutar tsaf, zagaye a kan zagaye, irin naɗin mai gyaran agogo, ya kwantar da eriyar. Ya tura masa ita ta kan tebur, ya ce ya ɗauka, ko zai sami abin cira a ciki ya gyara ta wani. Auta ya ce a bar ta mana, wataƙila gobe ta kama.

"Ba wayar ba ce, Mai Gyara. Ka yi iya yinka, na gani." Ya kalli taga. "Yaro ne ya girma, ya sami abin da ya fi. Ba na yi masa baki, Allah ya sani. Amma ban zaci haka daga gare shi ba."

Auta ya ajiye kofin don kada ya zube. Ya ce wataƙila yaron na can yana ta nema, hanya ce babu. Baba ya girgiza kai, ya ce kada ya wahalar da kansa yana kare wanda bai sani ba. Sannan ya dube shi sosai, irin duban da ya daɗe bai yi masa ba, har Auta ya ɗauka ko yau ce zai gane shi.

"Kai mahaifinka yana da rai?"

"Yana nan, Baba."

"Kana kiransa?"

Auta ya sunkuyar da kai.

"To ka riƙa kiransa," in ji tsohon, ya dafa masa hannu. "Ko ba ka da abin faɗa, ka kira. Kada ka yi irin na wani."

Ya ce to. Ya ɗauki wayar ya rungume ta ya fito, ya tsaya a baranda ya rasa inda zai nufa da ita. Matarsa ta fito daga ɗakin girki, ta dubi fuskarsa, ta goge hannunta a zani ta karɓe ta. Daga ciki Baba ya ɗaga murya ya ce Mai Gyara ya dawo ya ja masa ƙofa, iska na shigowa. Auta ya share fuskarsa da hannun riga, ya koma ya ja.